Babi na Biyar: Ƙafa, Agogo da Shaidu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Maraɗi, ya ratsa ƙasar Jibiya, ya iso yankin Mazanya da Magama inda ikon Nijeriya yake ƙarewa na Nijar ya soma, zai tarar da jama'a guda, masu harshe ɗaya da alƙibla ɗaya da auratayya tun kaka da kakanni, waɗanda Turawan Ingila da na Faransa suka kafa wa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908, har ya zamana yaron da aka haifa a Mazanya da ɗan baffansa da aka haifa a Ɗan Isa, in da Allah zai kai su gasar duniya, kowa da tutar da zai yafa da taken da za a kaɗa masa. Yaran wannan yanki suna tsere kamar yadda yaran ko'ina suke yi, a dandali da farin wata, ko a hanyar makaranta, ko bayan jakin da ya tsinke igiya, kuma kowace unguwa ta san yaronta wanda in ya zura ba a kamo shi. Amma da wuya ka sami mai gaya maka cikin sakan nawa wannan yaro yake cinye mita 100, kuma a nan ne maganar wannan babi take, domin tarihin tseren gajeren zango na maza a manyan gasannin duniya, in aka yi masa kallon basira, rabinsa ne kaɗai tarihin ƙafa, ɗaya rabin tarihin agogo ne da shaidu da littafin da ake rubuta suna a ciki.

Tsere dai ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, balle a ce Nasara ne suka zo da shi. A ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam, uzurin da 'yan'uwansa suka kawo wa mahaifinsu shi ne sun tafi tsere sun bar shi wajen kayansu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tsere da Nana A'isha sau biyu, ta riga shi a na farko, shi kuma ya riga ta a na biyu bayan an ɗau lokaci. Imamu Muslim kuwa ya kawo doguwar ƙissar Salamatu ɗan Akwa'u, sahabin da ya bi mahara da ƙafa ranar Zu Ƙarad alhali suna bisa dabbobi, yana harbinsu da kibau har suka saki raƙuman da suka kora, sa'an nan a hanyar komowa Madina ya amsa kiran wani Ba'ansare wanda ba a taɓa tsere masa ba, ya riga shi isa. Fuƙaha'unmu na Malikiyya ma ba su ƙyale mas'alar ba, gama a Muhtasar na Shehu Halilu an yi wa musabaƙa fasali nata a ƙarshen maganar jihadi, inda aka halatta sanya kyautar dukiya a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, aka kuma halatta sauran irinsu muddin ba a ɗora dukiya a kai ba. Abin lura a dukan waɗannan ruwayoyi shi ne an san wanda ya riga, ba a kuwa san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, saboda haka babu hanyar da za a gwada Salamatu da wani gwanin da ya zo bayansa da ƙarni guda. Haka yake ga Girkawa, waɗanda lissafin wasanninsu na Olimfiya ya fara a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa da tsere guda na kimanin mita 192: sun adana sunan Koroibos, mai dafa abincin da ya ci wannan tsere, suna ma kiran kowane zangon shekara huɗu da sunan zakaransa, amma agogo ba su da shi.

Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a Atina a 1896, Ba'amurke Thomas Burke ya ci tseren mita 100 cikin sakan 12.0, lokacin da a yau ɗan sakandare mai himma zai iya yi, ya kuwa tashi ne daga durƙuso a zamanin da da yawa suke tashi daga tsaye. A 1912 wakilan ƙasashe 17 suka haɗu a Stockholm suka kafa hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, babban aikinta kuwa shi ne ta zama alƙalin da ke karɓar shaida ko ya mayar, ta buɗe littafinta na mita 100 da sunan Donald Lippincott da sakan 10.6. Ƙa'idar da aka bi shekara da shekaru tana kama da ta majalisar shari'a: mutum uku ne za su riƙe agogo a kan wanda ya zo na ɗaya, in biyu suka dace an ɗauki nasu, in kuwa duk suka saɓa a ɗauki na tsakiya. Sai dai shaida, kome adalcinsa, ɗan Adam ne. Yana jiran ya ga hayaƙin bindiga kafin ya danna, a wajen isowa kuma ɗoki yakan sa ya danna tun ƙirjin mai gudu bai kai layi ba, har masana suka ƙiyasta cewa agogon hannu yana rage wa tseren mita 100 kusan sakan 0.24, wato fiye da mita biyu na gudu. Lamarin ya zama kamar kasuwar da kowane ma'auni ya zo da nasa mudu, ana ta awo ana rantsuwa, amma hatsin wannan rumfa ba ya gwaduwa da na waccan.

Filin ma kansa yana da nasa hukunci. Jesse Owens, jikan bayi daga Alabama, wanda ya kwashe zinare huɗu a Berlin a 1936 a zamanin da gwamnatin Hitler take da'awar fifikon farar fata, a kan tokar gawayi da aka daddaɓe ya yi gudunsa, kuma kafin a buga bindiga sai da shi da abokan karawarsa suka haƙa 'yan ramuka da ƙaramin cokalin gini don su sami wurin tokare ƙafa, domin matokaran ƙarfe da ake gani yanzu ba su shiga Olamfik ba sai a Landan a 1948. Wanda ya san haka ba zai yi garajen raina sakan 10.2 da Owens ya kafa a Chicago a waccan shekara ba. Bajamushe Armin Hary ya kai 10.0 a Zurich a 1960 da agogon hannu, daga nan hankalin duniya ya koma kan wanda zai fara sauka ƙasa da goma, aka kuwa sami amsar da agogon lantarki ya tabbatar a birnin Meksiko ranar 14 ga Oktoba, 1968, inda abubuwa da dama suka haɗu a rana guda: gari ne mai tudun da ya haura mita 2,200, inda iska ba ta da kaurin da za ta tare mai gudu, an shimfiɗa filin roba a karo na farko a Olamfik, agogon lantarki ne yake tashi tare da bindiga, mutum takwas ɗin da suka jeru kuwa duk baƙaƙen fata ne, abin da ba a taɓa gani ba. Jim Hines ya yi 9.95, wanda ya tsaya shekara 15 ba a taɓa shi ba. Daga 1977 hukuma ta daina karɓar shaidar hannu a gajeren tsere ɗungum.

Tun daga nan sharuɗɗan shaida suka riƙa ƙaruwa har suka kai matsayin da wani sa'i nakan ga sun wuce kima. Iskar da ke tura mai gudu daga baya in ta wuce mita 2 a sakan guda, an yarda ya ci tseren amma ba a shigar da lokacinsa littafin tarihi, wannan kuwa adalci ne. Ƙirji ne yake cin tsere, ba kai ko hannu ko ƙafa ba, da wannan ne kuma Noah Lyles ya kada Kishane Thompson na Jamaika a Paris a 2024, su biyun duk an rubuta musu 9.79, sai da aka duba hoto aka ga tazarar kashi biyar cikin dubu na sakan. Amma dokar riga-bindiga ta fi tsanani, domin matokaran suna da na'urar da ke jin motsin ƙafa, kuma an yanke cewa ɗan Adam ba ya iya jin ƙara ya motsa cikin ƙasa da sakan 0.100, saboda haka wanda ya motsa kafin haka, ko da bayan bindiga ne, ana ɗaukarsa mai cin tuwon gobe. Daga 2010 kuskure ɗaya ya isa a kori mutum, kuma wannan doka ce ta fitar da Usain Bolt daga tseren ƙarshe a Daegu a 2011, dubban mutanen da suka sayi tikiti don su gan shi suna kallo. A ganina hukuncin da ba ya barin ƙofar afuwa ga kuskuren farko an yi shi ne don jadawalin gidajen talabijin fiye da maslahar 'yan tsere.

Gasar duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle, wadda take tsaye da ƙafarta ba a ƙarƙashin Olamfik ba, ta makara ƙwarai, don ba a fara ta ba sai a Helsinki a 1983, bayan ƙauracewar siyasa ta rage armashin wasannin Montreal na 1976 da na Mosko na 1980. Da farko duk shekara huɗu ake yinta, daga 1991 aka mai da ita duk shekara biyu. Carl Lewis ne ya ci mita 100 a ta farko da 10.07, kuma a Tokiyo a 1991 ya yi 9.86 a tseren da mutum shida suka sauka ƙasa da sakan goma. A tsakanin waɗannan biyu ne aka yi abin kunyar da har gobe ba a gama wanke shi ba. Ben Johnson na Kanada ya kada Lewis a Rum a 1987 da 9.83, ya sake kada shi a Seoul ranar 24 ga Satumba, 1988, da 9.79, yana ɗaga yatsa sama tun bai kai layi ba. Cikin kwana uku aka sami ƙwayar stanozolol a fitsarinsa aka karɓe zinaren, da kuma ya yi iƙirari a gaban kwamitin binciken ƙasarsa a 1989 cewa ya daɗe yana sha, sai aka shafe na Rum ɗin ma. Ya kamata mai karatu ya sani cewa ba shi kaɗai ne mai algus a wannan layi ba, gama mafi yawan mutum takwas ɗin da suka jeru a Seoul sunansu ya shiga maganar ƙwaya, ko kafin ranar ko bayanta. Da haka aka ƙara shaida na uku a kan agogo da ma'aunin iska, wato ɗakin gwajin jini da fitsari, aka kuma kafa hukumar duniya ta yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a 1999.

Bolt kuwa, wanda ya yi 9.58 a Berlin ranar 16 ga Agusta, 2009, ya ƙara da 19.19 a mita 200 bayan kwana huɗu, lokutan da har aka tashi daga gasar Tokiyo ta 2025 ba wanda ya karya su, abin da ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne inda ya fito. Ɗan ƙauye ne, daga Sherwood Content a gundumar Trelawny, ƙasar noman doya, kuma wasan kurket ne ya fara ɗauke masa hankali kafin malamansa su lura da ƙafarsa. Jamaika ba ta kai mutum miliyan uku ba, alhali ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina kaɗai miliyan 5.8. Abin da Jamaika take da shi shi ne gasar makarantun sakandare da aka fara tun 1910, ana yinta kowace shekara, babban filin Kingston yana cika maƙil, tsofaffin ɗalibai suna zuwa da rigunan makarantunsu, kowane yaro kuma yana da lokacinsa a rubuce tun yana ƙarami, ta yadda mai saurin da aka haifa a ƙauye mafi nisa ba ya iya ɓuya. Ta wannan ƙofa Bolt ya fito ya ci mita 200 na matasan duniya a 2002 yana ɗan shekara 15. Linford Christie da ya ci wa Ingila zinare a 1992 da Donovan Bailey da ya ci wa Kanada a 1996, har da shi Johnson, duk a wannan tsibiri aka yanke musu cibiya.

Nijeriya ma ta taɓa zama abin tsoro a wannan fage, kuma ya kamata matasa su san haka. Tun a Vancouver a 1954, kafin mulkin kai, Muslim Arogundade da Abdul Karim Amu da Karim Olowu da Edward Ajado suka ɗauko azurfa a tseren miƙa sanda na wasannin ƙasashe renon Ingila. A Barcelona a 1992 'yan Nijeriya biyu, Olapade Adeniken da Davidson Ezinwa, suna cikin takwas na ƙarshe a mita 100, sa'an nan su biyun tare da Oluyemi Kayode da Chidi Imoh suka zo na biyu a bayan Amurka a miƙa sanda da 37.98. An sake cin azurfa a gasar duniya ta Atina a 1997, da tagulla a Olamfik na Atina a 2004, kuma Olusoji Fasuba ya yi 9.85 a Doha a watan Mayun 2006, ya riƙe tarihin Afirka shekara 15, har Akani Simbine na Afirka ta Kudu ya karɓe a 2021, Ferdinand Omanyala na Kenya kuma ya kai shi 9.77 kafin shekarar ta fita. Amma in aka bi sawun waɗannan gwanaye za a ga da yawansu a jami'o'in Amurka aka goge su, kamar Imoh a Missouri da Adeniken a El Paso da Ezinwa a Azusa. Francis Obikwelu, haifaffen Onica, ya je Lisbon gasar matasa a 1994 ya ƙi dawowa, ya yi leburanci a wajen gini, ya ci wa Nijeriya tagulla a mita 200 a Seville a 1999, daga bisani ya karɓi takardar zama ɗan Fotugal a 2001, azurfar da ya ci a Atina a 2004 da 9.86 kuwa a littafin Fotugal aka rubuta ta. Shi Fasuba ma rundunar sojan ruwan Ingila ya shiga a 2011. Mutumin Mazanya ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan, ya san cewa inda ake biyan haja da daraja can take nufa, ko an buɗe iyaka ko an rufe.

Saura tambayar da ta fi damuna, wato dalilin da ya sa galibin waɗannan sunaye daga kudu suke, ƙasar Hausa kuwa, ta wannan ɓangare da ta wancan, ba ta da wani kaso na a zo a gani. Sunday Bada, ɗan sandan da ya ci mita 400 na gasar duniya ta cikin ɗaki a 1997, a Kaduna aka haife shi, ya kuma rasu a Disamban 2011, 'yan watanni kafin a tabbatar wa ayarinsu na miƙa sanda zinaren Sydney na 2000 da aka karɓe daga Amurka saboda ƙwaya. Nijar lambobinta na Olamfik biyu ne, tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondo a 2016, wadda ta fi kai sunanta nesa a gajeren tsere kuwa mace ce, Aminatou Seyni, da ta zo ta huɗu a mita 200 a Eugene a 2022. Masu cewa jikin Bahaushe ne bai dace da gudu ba, ban ga hujjarsu ba, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a gwada ba. Abin da na gani shi ne al'umma tana samun gwanaye a fagen da ta girmama. Katsina ta girmama doki, Sarki Muhammadu Dikko ya kawo wasan folo a shekarun 1920, sai ga ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. Nijar ta girmama kokowa, ta kafa gasar Takobi tun 1975, kowace jiha tana tace 'yan kokowarta daga ƙauye zuwa gunduma, makaɗa suna wasa su, rediyo yana kai labarinsu kowace bukka, sai ga Kantu na Maraɗi da waɗanda suka biyo bayansa sun zama sunayen da yara ke kirari da su. Babban mutum a ƙasarmu ba ya gudu a bainar jama'a, ana ganin zubar da girma ne, saurayin da ya tasa kuwa da ya fara gemu sai ya bar tsere ga yara, daidai shekarun da a Kingston ake fara ɗaukarsa da muhimmanci.

Ba na mance halin da ƙasar Jibiya ta shiga a shekarun nan ba, na hare-haren 'yan bindiga da tashin ƙauyuka da rufe makarantu, ga kuma rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yamai na 2023, kuma na san wanda bai kwana da kwanciyar hankali ba ba ya tunanin sakan da mita. Duk da haka, a cikin dukan wasannin da duniya take gasa a kansu babu mai arhar wannan, domin ba ya bukatar doki ko ƙwallo ko gini. Botswana, wadda ba ta kai rabin Jihar Katsina yawan jama'a ba, ta fitar da Letsile Tebogo, wanda ya ci azurfar mita 100 a Budapest a 2023, ya kuma zama ɗan Afirka na farko da ya ci zinaren mita 200 na Olamfik a 2024 da 19.46.

Saboda haka kirana ga hukumar ilimi ta ƙaramar hukumar Jibiya, da shugabannin makarantun Mazanya da Magama, da takwarorinsu na Ɗan Isa, da hakimai da masu unguwanni waɗanda in suka halarci abu yake yin daraja, shi ne a auna mita 100 da igiyar awo a fili mai kyau, a sa malamai uku su riƙe agogon da ke cikin wayoyinsu, a tanadi littafi mai bango mai ƙarfi wanda ba za a yar ba in an canja shugaban makaranta, a riƙa yin tseren kowace shekara bayan kaka, a gayyaci makaɗa, a kuma gayyaci 'yan'uwa na ƙetaren iyaka. Yaron da ya sauka ƙasa da sakan 12 a kan turɓaya ba takalmi, a rubuta sunansa da shekarunsa da sunan ƙauyensu, a aika wa hukumar wasanni a Katsina ko Maraɗi, a kuma bi sawun takardar har a ji amsa.